Karena ya mutu, a ƙona shi shi kaɗai ko tare da wasu?

Tambaya: Anti barka da aiki. Karena ya mutu jiya da daddare, shekara 12 muna tare, ƙodarsa ce ta daina aiki likita yayi masa allurar hutawa, wadda ake yiwa dabba ta mutu ba wahala. Yanzu gawar tana asibitin dabbobi, sun bani takarda wai in zaɓa ko a ƙona shi shi kaɗai ko a haɗa shi da wasu, kuma gidan haya nake babu inda zan binne shi. Na kasa ko karanta takardar sai kuka, wasu ma dariya suke min wai kare ne fa. Dan Allah me zan zaɓa?

Amsa: Wayyo 'yar uwa, sannu da rashi, Allah ya baki haƙuri. Shekara 12 ba kwana 12 bane, wanda kullum shi ke tarbarki a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya dole zuciya ta neme shi, masu dariyar nan ki rabu dasu basu san me kika rasa ba. Ni da nawa ya mutu sai da nayi wajen wata guda ina jin kamar ƙarar farcensa a kan tayil in na farka da asuba, kwanon ruwansa kuwa na kasa ɗauke shi daga inda yake.

Toh kar ki sa hannu a takardar nan yau in kanki bai dawo daidai ba, tunda gawar tana cikin sanyi kwana ɗaya ko biyu ba abin da zai same ta, ki kira su kawai kice a baki lokaci. Dalili kuwa wannan zaɓin in anyi shi an gama, babu gyara. In aka haɗa shi da wasu dabbobi, wanda shine mafi sauƙin kuɗi, tokar gauraya takeyi, ba za a dawo miki da komai ba, su ne za su watsa ta ko su binne. In shi kaɗai aka saka a injin ƙonawar to tokar da za a baki tasa ce. Akwai kuma na tsakiya da ya kamata ki lura dashi sosai, a saka dabbobi da yawa lokaci ɗaya a raba su da bulo ko faranti, za a baki toka amma ƴar gauraya ba a rasa ta, kuma wasu wuraren sunan da suke sa masa yana kama da na shi kaɗai ɗin. Ki tambaye su baki da baki: dabba nawa ke cikin injin lokacin da ake ƙona nawa? Wace shaida ke bin gawar tun daga asibiti har tokar ta dawo? Wuraren kirki suna sa ɗan ƙarfe mai lamba da wuta bata cinye shi, su kuma baki satifiket, wasu har su barki ki tsaya ki gani in kina iyawa.

Ki kuma san abin da zai dawo hannunki dan kar ki firgita. Zafin injin yana kaiwa digiri 800 zuwa sama, abin da ke saura ƙashi ne sai a niƙa shi, zaki ganshi fari-fari ruwan toka kamar yashi mai tsakuwa, kare mai kilo 30 tokarsa bata wuce wajen kilo ɗaya. Yawanci sati ɗaya zuwa biyu ake ɗauka. Kuɗin da nauyin kare yake tafiya, ki tambaya ko ɗauko gawar da mazubin tokar suna ciki, a nan lissafi ke hawa. Mazubi mai tsada kam kar ki saya yanzu, na kwali ko gwangwanin da suke bayarwa ya isa har ki natsu.

Ni dai yadda naji muryarki a wasiƙar nan, in aljihu zai ɗauka ki zaɓi shi kaɗai, ko daga baya kika ga bakya son ajiye tokar kina iya binne ta ko watsa ta. In kuma ba hali na haɗakar ma ba cin amana bane wallahi. Kafin su ɗauke shi ki ce a cire miki abin wuyansa, a yanko miki ɗan gashi.

Tambaya: Namu mota ce ta buge shi, ɗana ɗan shekara 6 sai tambaya yake, ɗayan karen kuma ya ƙi cin abinci. Muna da fili, binnewa ya fi?

Amsa: Ɗan uwa sannunku. In filin naku ne kuma dokar wurin ta yarda ku binne, amma ramin ya kai mita ɗaya, nesa da rijiya. Wanda aka yiwa allurar hutawa ma ya fi buƙatar zurfi dan maganin, pentobarbital, yana zama a jikin gawa, dabbar da ta tono ta ci zai iya kashe ta. Yaron kuma kar ku ce masa bacci yayi, sai ya fara tsoron kwanciya ko ya zauna jiran ya tashi, ku ce ya mutu, jikinsa ya daina aiki, ku barshi yayi kukansa. Ɗayan karen ku ci gaba da fita dashi a lokacin da ya saba, in ya kai kwana biyu bai ci komai ba ku kaishi wurin likita.