Amsa ga mai tambaya kan gidan da suka saya shi da yayansa

Salam ɗan'uwa. Ka ce kai da yayanka kun haɗa kuɗi kun sayi gida a Kano, yanzu yana so ya jinginar da shi a banki ya ƙara jari, kana tambaya ko zai iya ba da yardarka ba, in kuma ka sa hannu me zai biyo baya.

Tukuna, sunan wa ke kan takardar mallaka, wato C of O ɗin? Nan maganar take. In sunanku ne ku biyu to kwantar da hankalinka, banki ba zai karɓa ba sai kowa ya sa hannu, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce jingina sai da amincewar gwamna, sannan a yi mata rajista, a Kano KANGIS, wato hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jihar, ake bi. Amma in sunansa ne shi kaɗai don wai shi ne babba, wallahi akwai matsala, banki takarda yake gani ba ruwansa da wa ya kawo nawa, kai kuma sai dai ka nemo shaidu da rasit ka tafi kotu da ɗan'uwanka na jini, Allah ya kiyaye.

Ni da ƙanina muna da gida irin haka, kafin mu nemi bashi sai da muka je wajen lauya aka rubuta kason kowa ƙarara, shi 40 ni 60, shaidu suka sa hannu. Lauyan ne ma ya ankarar da mu akwai irin rubutun da in ɗaya ya rasu wanda ke raye ke cinye gidan duka, alhali a shari'a kason mamaci na magadansa ne, ka ga marayu za a zalunta ba da niyya ba.

Batun sa hannu kuwa ka yi tunani sosai. Da zarar ka sa, kasonka ya shiga jinginar, in kasuwa ta juya masa ya kasa biya ba rabinsa za su yanka su sayar ba, gidan gaba ɗaya za a ɗaga, ko da kai ko sisi ba ka ci ba. Ko bankunan da ba sa ruwa irin su Jaiz da TAJ suna riƙe takardun gida, kar ka ɗauka can babu wannan.

In kuma ya fusata ya ce zai sayar da kasonsa, kana da haƙƙin shuf'a tunda ba ku raba gidan ba, kai ka fi bare cancantar saye a farashin da aka yi ciniki, amma fa kar ka ji labari ka yi shiru har a daɗe.

Shawarata ku zauna gaban wani babba a gidanku, ka ce ya nuna maka takardar bankin, nawa ne bashin, shekara nawa, nawa duk wata, ka kai wa lauyanka ba na banki ba ya karanta maka kafin ka taɓa biro.