Tambaya da Amsa: Da gaske sistoci ne suka kafa Kwalejin Queen Amina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibar Kwalejin Queen Amina ce da ke Kakuri. Kakata ta ce ita ma can ta yi karatu, amma wai a zamaninsu sistocin Katolika ne ke koyarwa, sunan makarantar ma daban ne. Anya ba tsufa ne ya ruɗa ta ba? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Maza ki je ki ba kakarki haƙuri, hankalinta garau yake. Makarantar da kike ciki ita ce tsohuwar Queen of Apostles College, kuma 'yan mishan na Katolika ne suka gina ta tun zamanin Turawa, kafin a kafa masaƙar Kakuri a 1957.

Sistocin da suka riƙe ta 'yan ƙungiyar Our Lady of Apostles ne, wadda Fada Augustin Planque ya kafa a birnin Lyon na Faransa a 1876 domin aikin mata da yara a Afirka. Waɗanda suka zo Arewa galibinsu 'yan ƙasar Ayalan ne. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta sakar wa 'yan mishan mara a cikin biranen sarakuna ba, shi ya sa za ki ga makarantunsu a sababbin garuruwa irin Kaduna da Jos, ko a wajen ganuwa, kamar yadda sistocin St. Louis suka sauka a Kano a 1948.

Sauyin suna ya zo ne bayan yaƙin basasa. A farkon shekarun 1970, lokacin Abba Kyari yana gwamnan soja na Jihar Arewa ta Tsakiya (wato Kaduna da Katsina na yanzu), gwamnati ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena, taku kuma aka sa mata sunan Sarauniya Amina ta Zazzau. Hujjar gwamnati ita ce a daidaita ilimi, ɗan kowa ya shiga ba tare da fargabar addini ba. Cocin ba ta ji daɗi ba, kuma har gobe ana muhawara a kan mayar da makarantun.

Ni dai ina ganin hujjar tana da ƙarfi, domin iyaye Musulmi da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu mata boko saboda tsoron mishan. Amma wasu sun kai, 'ya'yan suka fito da addininsu da iliminsu. Marigayiya Maryam Babangida ma tsohuwar ɗalibar makarantarku ce. Abin da gwamnati ta kasa gada shi ne sa ido. Gwaggona da ta yi makarantar sistoci kan ce ranar Asabar sista kan bi ɗaki ɗaki, ta shafa yatsa a kan taga ta duba ƙura, ta ɗaga katifa, ta ce kowa ya miƙo farce. Ba ta da mataimaki, kuma ba ta fashi.

Ki tambayi kakarki ko takardar shaidarta na nan a ƙasan adaka. Idan ta gama kafin a karɓe makarantar, tsohon sunan za ki gani a kai.