Amsa ga 'yar uwar da ke neman bod da sitan na kek masu sauƙin kuɗi a Jos

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, na ga tambayarki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu na samu zama. Kin ce kin fara sana'ar kek wata biyu da suka wuce, jarin ba shi da yawa, kina neman inda za ki samu bod (faifan da ake ɗora kek a kai) da sitan (abin da ake ɗaga kek a kansa don ado) masu sauƙin kuɗi a nan Jos, ko kuwa sai kin yi oda daga Legas. Allah ya sanya albarka a sana'ar. Shekarata ta takwas ke nan ina wannan aiki daga ɗakin girkina, bari in faɗa miki abin da na gani, sauran 'yan uwa su ƙara da nasu.

Kafin maganar kasuwa, ki raba abubuwan nan biyu a ranki, don kin haɗa su a tambaya ɗaya alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. Bod yana bin kek ya tafi, ba ya dawowa, kamar ledar mai shago. Sitan kuwa kuɗi ne da kika kwantar a kan kanta, yana jiran ranar da wani zai nema. Na farkon dole ne tun daga odar farko. Na biyun za ki iya shekara cur ba ki mallake shi ba, kuma babu kwastoman da zai gane.

Ni da na fara, juya lamarin na yi. Na ɗauki kusan rabin kuɗin adashina na sayi sitan na gilashi mai hawa uku, saboda na gan shi a hotunan manyan masu kek, na ɗauka shi ne sana'ar. Sannan na dawo ina tsuke hannu a kan bod, ina sayen mai laushin nan da bai fi kaurin bangon littafi ba. Ranar da na gane kurena, kek ne mai hawa biyu na walima, na ɗora shi a kan irin wannan bod na shiga keke zuwa Rikkos. Kin dai san hanyoyinmu, hawa da gangara da ramuka. Ban faɗi ba, kek bai zame ba, amma duk lokacin da na ɗaga kwalin sai bod ɗin ya lanƙwashe kaɗan a tsakiya. Ko da na buɗe a gidan biki, fondan, wato kwaɓin sukarin da ake lulluɓe kek da shi, ya tsage daga ƙasa har sama kamar bangon da ruwa ya ci. Na rufe da furanni, uwar amarya ta karɓa ba ta ce komai ba, amma ba ta sake kirana ba. Shi kuwa sitan ɗin gilashin, sau huɗu ya fita a shekarar gaba ɗaya, a fita ta biyar aka dawo min da shi hawa biyu.

To, bod kala uku ne za ki riƙa cin karo da su. Akwai siririn kwali mai rufin azurfa ko zinare, kaurinsa milimita biyu zuwa uku, wanda aikinsa zama a ƙarƙashin kek kai tsaye, ko raba hawa da hawa. Akwai mai kauri da ake kira diram, wajen milimita 12, kusan rabin inci, shi ne na ɗaukar nauyi. Sai na katako, wato MDF ko filawud, wanda bai kai diram kauri ba amma ya fi shi ƙarfi. Ƙaramin kek mai inci shida hawa ɗaya, siririn ma ya ishe shi idan kin haɗa biyu. Da zarar kek ya yi tsayi, ko an lulluɓe shi da fondan, ko ya zama hawa biyu, kada ki yi wa kanki rowa, ki sa mai kauri.

Wajen girma, ƙa'idar da muke bi ita ce bod ya ɗara kek da inci biyu aƙalla. Kek mai inci takwas, bod mai inci goma. Mai inci goma, bod sha biyu. Kwalin da za ki saka shi kuma girman bod yake bi, ba girman kek ba, domin bod ɗin ne ke tokare bangon kwali ya hana kirim shafar gefe. Saboda haka kada ki je kasuwa ki ce a ba ki kowane girma guda biyar-biyar. Ki duba kwanonin gashin da kike da su. Idan na inci shida da takwas ne, kamar yawancin masu farawa, to bod ɗinki na takwas ne da na goma, sai 'yan sha biyu kaɗan don ko-ta-kwana. Har yau akwai bod masu inci 16 a saman kabad ɗina da na saya a shekarar farko, rufinsu ya dusashe, ban taɓa samun odar da ta kai su ba.

Yanzu maganar inda za ki samu. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye da ita, don haka masu kayan kek ba a layi ɗaya suke ba. Ki ware rana guda, ki bi ta Ahmadu Bello Way da lungunan da ke bayanta, ki shiga shagunan masu fulawa da bota da kwanonin gashi. Kada ki saya a shagon farko. Ki tambayi kuɗin guda ɗaya, sannan ki tambayi kuɗin dozin, sannan na ɗauri, ki rubuta. Tazarar da ke tsakanin sayen ɗai-ɗai da sari ita ce ribar da yawancinmu muke zubarwa ba mu sani ba. Kuma ki tafi da tef ɗin awo a jakarki. Wasu kayan nan da santimita ake yanka su, sai a sayar miki da mai santimita 25 a matsayin inci goma, alhali inci goma ya ɗan ɗara haka. Wannan bambancin ba komai ba ne, amma na taɓa sayen ɗauri guda da aka ce sha biyu ne, da na auna a gida bai ma cika sha ɗaya da rabi ba, yana ta yawo a cikin kwali.

Farashi ba zan rubuta miki ba, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, abin da kika saya wannan watan ba shi za ki tarar a wata mai zuwa ba. Sai in faɗa miki lamba ki je ki yi faɗa da mai shago a banza.

Odar Legas kuwa, gaskiya ne can ne tushen kayan, kuma ya fi araha a hannun masu sari. Sai dai ke kaɗai ba za ta fisshe ki ba. Bod ba shi da nauyi amma yana cin wuri, direba kuma da girman kaya yake yanka kuɗi. Kafin ki biya kuɗin mota, ki biya keken da zai ɗauko miki daga tasha, arahar ta gudu. Mu abin da muke yi, mu biyar ne, muna haɗa kuɗi duk bayan wata uku mu yi oda ɗaya, kaya su zo mu raba a gidan ɗaya daga cikinmu. Idan kina da 'yar uwa a Abuja mai zuwa Jos a kai a kai, ita ma hanya ce, a kasuwar Wuse akwai masu kayan kek sosai, ta saƙalo miki a but ɗin motarta ba tare da kuɗin mota ba. Abu ɗaya dai: duk wanda ba ki taɓa ciniki da shi ba a intanet, kada ki tura masa kuɗi masu yawa a karon farko, kome kyan hotunansa. Ki gwada shi da kaɗan, ko ki nemi wadda ta taɓa karɓar kaya a hannunsa.

Amma abin da ya fi rage min kashe kuɗi ba kasuwar kayan kek ba ce, Kasuwar Katako ce. Fallen filawud ko MDF guda ɗaya ƙafa huɗu ne a faɗi, takwas a tsayi. Ki lissafa da inci, 48 da 96 ke nan. Idan da'ira mai inci goma za a yanka, huɗu za su jeru a faɗi, tara a tsayi, bod 36 daga falle ɗaya. Ki sayi fallen, ki kai wa kafinta mai injin yanka, ki ba shi samfuri ɗaya na kanti ya zana a kai, ki roƙe shi ya goge bakin da sanfefa. Ki haɗa kuɗin falle da ladan kafinta da na abin rufi ki raba gida 36, ki kwatanta da kuɗin diram ɗaya a shago, ke da kanki za ki yi dariya. Ni siriri nake saya, mai milimita huɗu zuwa shida, ya ishi kek mai hawa biyu. Masu kusurwa huɗu ma sun fi sauƙi, kafinta ba ya ɓata lokaci a kansu.

Sai dai a nan akwai amana, don abinci ne. Katakon nan da gam aka haɗa shi, bai kamata ya taɓa kek ba ko kaɗan. Ki rufe shi ruf da takardar rufin bod, wadda ake sayarwa a naɗe a shagunan kayan kek, ki manne ta ta ƙasa, sannan kek ɗin ya zauna a kan siririn bod nasa kafin ya hau katakon. Takardar naɗe kyauta kada ki yarda da ita, maiƙo na taɓa ta launinta zai fita ya shiga kek. Gefen kuma ki zagaye shi da ribon, shi ke sa a ɗauka daga kanti ya fito. MDF ba ya shiri da ruwa, kumbura yake yi. Da damina, musamman Yuli da Agusta da Jos ba ta bushewa, ki ajiye su a kwance cikin babbar leda, nesa da ƙasa da bango. Na kwalin ma haka, idan kika jingine su a tsaye za su sha danshi su karkace, kuma bod da ya karkace ba ya miƙewa.

Wata za ta ce miki ki yi da kwali kawai. Ana yi, ni ma na yi lokacin da babu. Ki yanka falle uku, ki duba layukan da ke cikin kwalin, ki saɓa su, wannan a tsaye wancan a kwance, ki manne, ki danne da abu mai nauyi ya kwana. Yana ƙarfi fiye da yadda kike zato. Amma kwalin ya zama mai tsabta, irin na biskit ko taliya. Wanda aka zubo sabulu ko omo ko maganin sauro a ciki, ko kin rufe shi warin zai bi bota. Kuma wannan na kek ɗin bazday na gida ne, ba na biki ba.

Mu dawo kan sitan. Abin da kike buƙata da gaske yanzu shi ne faifan nan mai juyawa da ake shafa kirim a kai. Shi kayan aiki ne, ba ado ba. Na roba ya isa farawa, idan hannunki ya faɗa kuɗi suka shigo ki sayi na ƙarfe, ya fi juyawa sumul. Bayan shi, sitan ɗaya fari marar ado don ɗaukar hoto, shi ke nan. Nawa na hoto ma haɗa shi na yi: farantin tangaran mai faɗi da na tsinta wajen 'yan gwanjo, na kifa ƙaramin kwano mai nauyi a ƙarƙashinsa, na haɗa da gam mai ƙarfi irin wanda ake cakuɗa kala biyu. Shekara nawa yana fitowa a hotunana, har tambayata ake inda na saya.

Na biki kuwa, kamu ko dina, yawanci masu kwalliyar wurin suna zuwa da nasu teburin kek da sitan. Ki tambayi amarya tun wajen karɓar oda, ki karɓi lambar mai kwalliyar, ki ji faɗin saman sitan ɗin don ki san bod ɗin da za ki sa. Idan babu, ki yi haya a wurinsu ko wurin wata mai kek da ta daɗe, ki saka kuɗin hayar a lissafin amarya. Sai kin ga ana nemansa a hannunki sau uku, sau huɗu a jere, sannan ki yi tunanin mallaka. A lokacin ma ki fara leƙa masu walda da kafintoci da hoton abin da kike so. Na ƙarfe da aka fesa wa fenti ruwan zinare ya fi gilashi jure hannun jama'a. Kafin ki biya, ki ɗora kofi cike da ruwa a kai ki ga ko ya karkata, sannan ki ɗora abu mai nauyi, ko ƙullin shinkafa ne, ki ɗan girgiza teburin.

Ranar da kika fara ba da naki sitan haya ko aro, ki karɓi kuɗin ajiya da ya kai kuɗin sayen wani, a mayar wa mutum idan ya dawo da shi lafiya. Za ki ji nauyi, musamman idan 'yar unguwa ce ko dangin miji. Ni kunyar nan ce ta cinye min sitan biyu. Gidan biki ba mai lura da kayan wani, ana watsewa yara za su ɗauka, ko a haɗa da kayan amarya a wuce da shi.

Kuma don Allah ki riƙa saka kuɗin bod a cikin kuɗin kek. Da yawanmu muna lissafa fulawa da ƙwai da sukari da gas, mu manta da bod da kwali da ribon da sandunan da ake cusawa don tokare hawa na sama. A ce duka sun tsaya miki naira dubu ɗaya a kek guda, kika yi kek ashirin a wata, dubu ashirin ke nan kika yi kyauta ba da niyya ba. Ni a littafina layinsu daban ne, kuma kuɗin da ya fito daga layin nan ba na taɓa shi, shi nake kaiwa idan lokacin oda ya zo.

Odarmu ta gaba farkon wata ne in sha Allah, kafin hidimar bukukuwan ƙarshen shekara ta sa kaya su yi tsada. Idan kina so a sa da ke, ki auna kwanoninki yau ki yi min magana ta gefe, ko dozin biyu ne za mu karɓa. Samfurin na katakon ma zan ajiye miki guda ɗaya ki kai wa kafintanki.