Amsa ga malamar da ta nemi kanun insha'i

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai abokan aiki, barkanmu da warhaka. Na saurari saƙon da malamarmu ta Daura ta turo jiya da daddare, tana neman jerin kanun insha'i da za ta riƙa bai wa 'yan aji shida saboda WAEC da NECO. Malama, Allah ya ƙara basira, kanu ba su da wuyar samu, amma abin da na fahimta a maganarki shi ne yaran sun ƙi rubutu, ke kuma kin gaji da duba takardu masu magana iri ɗaya.

Dalilinsu a fili yake. Yaro ya san idan ya rubuta yadda ya yi hutunsa ba mai karantawa sai ke, ke ma da jan biro za ki bi shi, don haka bai ga abin da zai sa ya wahalar da kansa wajen zaɓen kalma ba. Shi ya sa ni nake farawa da takardar sayen gona. Nakan raba ajin, ga mai sayarwa, ga mai saye, ga shaidu, ga mai unguwa, in ce su rubuta yarjejeniya, su faɗi iyakar gonar gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin da aka biya hannu da hannu, da abin da ya rage, da ranar cikawa. Idan sun gama sai in miƙa takardar ga wani rukunin, in ce ku ne magada bayan shekara 20, ku nemo kafar da za ku bi ku ƙwace gonar nan. Wani yaro ya rubuta cewa gonar ta yi iyaka da bishiya, nan take magada suka taso masa: wace bishiya, kukar ko tsamiyar, kuma idan an sare ta fa? Abin da na yi zango guda ina faɗa bai shiga ba, ranar ya shiga. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Akwai shekarar da wani jami'in duba makarantu ya tarar da mu cikin wannan gardama, ya buɗe manhaja ya ce bai ga gona a ciki ba, ya rubuta a rahotonsa cewa na bar darasi ina wasa da yara. Har yau abin yana ci mini rai, domin ko takarda ɗaya bai tsaya ya karanta ba, alhali manhajar cewa ta yi a koyar da wasiƙa da insha'in bayani da na muhawara, ba ta ce sai a kan abin da yaro bai taɓa gani ba. To, a bar wannan.

Adabi kuwa, ke da kike Daura ai a bakin rijiya kike. Ki tura su gida su ɗauko labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu daga bakin kakanninsu, a jera a aji a ga inda labaran suka saɓa, da abin da kowace tsohuwa ta ƙara ko ta tsallake. A nan za su gane jigo da salo ba tare da hadda ba. Na ce kakanni, amma har da maroƙa masu kirari a Sallar Gani, da dillalan kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, waɗanda karin magana da habaici ne kayan aikinsu.

Kada jarrabawa ta tsorata ki, wanda ya tsira daga hannun magada wasiƙar neman aiki ba za ta gagare shi ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ki yarda yaro ya kawo rikicin gadon gidansu na gaskiya cikin aji, a ƙirƙiro gonar da masu ita, saboda a Daura kowa ya san kowa. Wassalamu alaikum.