Amsa: Me ya sa jirgi mai saukar ungulu ke da ƙaramar farfela a wutsiya?

Ɗan'uwa, ka tambayi amfanin ƙaramar farfelar wutsiya. Ba ado ba ce. Idan inji ya juya babbar farfela ta sama zuwa wani ɓangare, gangar jirgin sai ta nemi juyawa ɗaya ɓangaren. Ta wutsiya ce ke tura iska ta gefe, ta hana jirgin hajijiya. Matuƙi da ƙafa yake sarrafa ta: ya taka feda, kusurwar fikafikanta ta canza, hancin jirgi ya karkata dama ko hagu.

Amma ba kowane ke da ita ba. Chinook na Amurka manyan farfeloli biyu gare shi, gaba da baya, suna juyawa saɓanin juna. Ka-52 na Rasha kuwa an ɗora ɗaya bisa ɗaya, kuma wannan ƙirar ta fi burge ni.