Tambaya da Amsa: Bidiyo ya ƙi fitowa a kwamfuta

Tambaya: Malam, na sayi kwamfuta a Ikeja. Idan na turo bidiyo daga waya, murya kawai nake ji, babu hoto. Ina mafita? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Ɗan'uwa, wayoyi da yawa suna ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC (wata hanyar matse bidiyo don rage nauyinsa), shi kuwa Windows sau da yawa ba ya buɗe shi sai an ƙara masa manhaja. Sauke VLC, manhajar kunna bidiyo, kyauta ce, amma daga videolan.org kaɗai, don shafukan bogi suna cusa ƙwayar cuta. Kafin nan, shiga Settings, System, About, ka duba ko kwamfutarka 64-bit ce ko 32-bit, ka zaɓi VLC ɗin da ta dace da ita. Nauyin VLC wajen megabait 40 ne, ba za ta cinye maka data ba.