Inda ake matse hannu a kayan kicin da banɗaki, da inda ba a yi

'Yar'uwa, sannu da fama, Allah ya sa a gama lafiya. Na karanta tambayarki: kuna gyaran gida, kuɗi sun fara ja da baya tun ba a zo kan kicin da banɗakuna ba, kina neman yadda za ki sayi su famfo, sinki, masai da shawa ba tare da an tatike ba. Masu cewa ki iya ciniki ko ki jira lokacin karya farashi ba su yi ƙarya ba. Sai dai a abin da na gani, a gidana da gidajen 'yan'uwa da na tsaya wa aiki, ba a bakin kanta ake tafka babbar asara ba. Tun daga gida ake yin ta, wurin yanke shawara.

Ki raba kayan nan kashi biyu. Akwai wanda za a binne cikin bango ko ƙarƙashin tayil, akwai wanda yake a fili, sifana ɗaya ta kwance shi. Na binnewa kada ki yi masa rowa. Na fili kuwa ki matse hannu yadda kike so, domin in ya gaza, aikin rabin awa ne a sa wani.

Kafin ma a je saye, babban ragin da za ki yi wa kanki shi ne ki bar kowane abu inda yake. Masai ya zauna a mazauninsa, sinki ma haka. Bututun masai mai kauri ne, milimita 110 ko inci 4, kuma ba a shimfiɗa shi a miƙe, sai da gangara, kamar santimita 2 a kowace mita. Saboda haka “a ɗan matsar da shi can” na nufin a fasa daɓe, a haƙa, a sake jan bututu, a cike, a sake maganin hana ruwa, sannan a zo kan tayil. A bene abin ya fi haka muni. Kuɗin matsar da masai ɗaya sukan fi kuɗin shi kansa masan. In tsarin ɗakin bai takura ki da gaske ba, ki ƙyale shi.

Sai awo. Masai iri biyu ne, mai zubarwa ta ƙasa da mai zubarwa ta bango. A duba wanne ne naku. In na ƙasa ne, a auna daga bangon da aka gama wa tayil zuwa tsakiyar ramin. Yawanci wajen santimita 30 ne, amma akwai ƙasa da haka, akwai sama. In na bango ne, tsayin bututun daga daɓe ake aunawa, galibi kusan santimita 18. Famfon shawa mai haɗa ruwan zafi da na sanyi, wanda ake ɗaurawa a jikin bango, tsakanin bakunansa biyu santimita 15 ne. Ki rubuta waɗannan a takarda ki tafi da su. Kayan tangaran da aka cire daga kwali aka gwada, da wuya mai shago ya karɓa ya mayar da kuɗi.

Akwai wani awon da kusan kowa yake mantawa: ƙarfin ruwa. In daga tanki na sama ruwanku yake saukowa, duk tsayin mita 10 ne yake ba da ƙarfin “bar” 1, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin ruwa da shi. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 4 ke nan bai wuce 0.4 ba. Faffaɗan kan shawar nan mai zubo ruwa daga sama, yawancinsu sai ƙarfin ya kai 1 ko ya wuce suke aiki yadda ake gani a hoto. A sa shi a gidan da ruwa ba ƙarfi, sai ka ga yana tsiyaya ta gefe ɗaya, daga nan a ce sai an sayi injin ƙara ƙarfi, ga kuɗin wuta. Ƙaramin kan shawa na hannu ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma a irin wannan gida shi ya fi wanke mutum.

To, famfo. Nan ne ido yake yaudarar mutane, domin a kan kanta duk sheƙi ɗaya suke yi. Bambancin yana ciki. Mai kyau da tagulla ake yin jikinsa, na banza kuma da haɗin tutiya, wanda ruwa yake ci a hankali har ya fara ƙuraje, wata rana ya karye a wurin zare. Ki ɗaga su biyu masu girma ɗaya, na tagulla ya fi nauyi. Amma kada ki tsaya a nauyi. Ki juya shi ki leƙa ta gindi, inda tiyo yake shiga, wurin da fenti bai kai ba. In kin ga ruwan ɗorawa, tagulla ce. In toka-toka ne mai dishi-dishi, ki ajiye musu. Wasu za su ce a gwada da mayen ƙarfe. Wannan ba ya nuna komai, don ba ya kama tagulla, ba ya kama tutiya.

Abu na biyu shi ne katirij, ɗan abin da yake cikin famfon yana buɗe ruwa yana rufewa. Na zamani faifai biyu ne na tangaran masu santsi da suke zamewa a kan juna, ba robar da take cinyewa ba. Girmansu da aka fi samu milimita 35 ne da 40. Kamfanoni da yawa ba su ma yin nasu, saye suke yi daga masu ƙera shi, irin su Sedal na Sifen da Kerox na Hangari, shi ya sa za ki sami famfon da sunansa bai yi tashe ba amma cikinsa lafiyayye. Tambaya ɗaya nake yi wa mai shago: in wannan ya fara ɗiga, kuna da katirij ɗinsa? In ya miƙa hannu ya ɗauko, mun yi ciniki. In ya fara ce mini ai wannan ba ya lalacewa, sai in yi gaba.

Launi kuma, nan ne zan ce ki danne zuciya. Fari mai sheƙi, na kurom, shi ne mafi arha a kowane kamfani, kuma yana cikin masu jure gugar yau da gobe. Baƙi da ruwan gwal suna da kyau, ban musa ba, amma an ɗora musu kuɗi, kuma masu arha a cikinsu fenti ne kawai, ba a jimawa yake ɓarewa a wurin da hannu yake yawan taɓawa. Baƙin ma duk ɗigon da ya bushe a kansa sai ya bar farin tabo. Ga wata riba ta kurom: na kamfanin nan da na wancan duk kala ɗaya ne, kina iya sayen famfo a nan, maratayin tawul a can, ba mai ganewa. Ruwan gwal kuwa kowa da irin nasa, dole ki sayi komai a hannu ɗaya a farashin da suka ga dama. Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan wurin kam tana yi.

Kada kuma ki raba kuɗin famfo daidai wa daida. Na kicin shi ne ake murɗawa tun safe har dare, ana juya wuyansa dama da hagu, da hannu mai maiƙo. Shi za ki saya wa mafi kyau. Banɗakin baƙi, da sai a yi kwanaki ba a shiga ba, matsakaici ya ishe shi.

Sinki na silba, a nemi mai lamba 304, wato mai kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Akwai 201, wanda aka rage masa nikel. Ya fi arha, kuma ya fi saurin fitar da ɗigon tsatsa. Kauri ya kai milimita 1 ko kusa da haka. In da geji suka rubuta, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 18 ta fi 22. Ki ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, in ya yi ƙara kamar gwangwani yana lotsawa, ki bar shi. Mai rami ɗaya mai zurfi ya fi mai biyu arha, kuma babbar tukunya tana shiga ta zauna. Wanda ake ɗorawa ta saman kanta ma ya fi wanda ake mannawa ta ƙasa sauƙin kuɗi, tunda shi na ƙasan sai an goge bakin dutsen kantar an gyara shi tsaf.

Masai ba ya buƙatar dogon tunani. Fari, mai tsayuwa a ƙasa, mai siffar da kowa ya sani. Tangaran ba ya tsufa in bai fashe ba, kayan cikin tankinsa ne suke mutuwa, su kuma ana samunsu da arha. Ki ɗauki mai maɓalli biyu, lita 6 da lita 3. Tsofaffin nan suna zubar da lita 9 zuwa 13 a dannawa ɗaya. Tun yana sabo a shago ki zura hannu cikin maƙogwaronsa ki shafa. In santsin ya ci gaba har ciki, madalla. In kin ji kaushi, ƙazanta za ta riƙa maƙalewa. Masu siffa ta daban, mai kusurwa huɗu da makamantansu, ranar da murfin ya karye za a sha yawon neman irinsa. Wanda ake ratayewa a bango kuwa, bayan kuɗinsa akwai na firam ɗin ƙarfe, da na bangon da za a tayar a ɓoye tankin, da ladan aiki.

Yanzu ga inda ba a matse hannu. Bututun cikin bango, mahaɗansu, maganin hana ruwa da ake shafawa kafin tayil, da duk wani bawul (abin buɗe ruwa da kashe shi a jikin bututu) da za a binne. Layin ruwan zafi a sa masa bututun roba irin wanda ake kira PPR ko CPVC; PVC na gama-gari ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba. Na ga gidan wani ɗan'uwanmu da mai aiki ya binne masa famfon shawa marar suna a cikin bango, hannun kaɗai ke waje. Ya yi kyau ƙwarai. Da ya fara yoyo, ba a banɗakin aka fara gani ba, a ɗakin kwanan da ke bayansa ne fenti ya kumbura yana zubowa, bayan durowa ya yi baƙi. Aka nemi katirij ɗinsa aka rasa, dole aka fasa bango. Tayil ɗin ma an daina yin irinsa, har yau akwai wani faci mai launi daban a tsakiyar bangon. In kuɗi ba su kai na mai kyau ba, a sa na waje kawai, wanda duk jikinsa yake a fili.

Kafin a rufe bango, a toshe bakunan bututu, a cika su da ruwa mai ƙarfi, a bar su su kwana, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu. Sannan ki ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa. Ranar da za a huda don rataya madubi za ki san inda bututu ya bi.

Su ƙananan bawul na ƙarƙashin sinki da tiyo ɗin da ke haɗa su da famfo, mutane suna raina su saboda ba a ganinsu. Su ne kuwa suke fashewa da tsakar dare su cika gida da ruwa. Bambancin kuɗin mai kyau da marar kyau kaɗan ne. A kuma sa wa kowane banɗaki bawul ɗinsa na kashe ruwa.

Ki kuma zagaya ki ga abin da bai mutu ba. Famfon da ruwansa ya rage ƙarfi, sau da yawa ragar bakinsa ce ta toshe. A kwance ta a jiƙa cikin ruwan khal, ta dawo. Mai ɗiga, katirij ko roba yake so, kuma ya cancanci a gyara da wuri, don ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 11,000 a shekara. Kabad ɗin kicin in jikinsa bai sha ruwa ya kumbura ba, a canja ƙofofi da hannaye, sai ya fito sabo.

Wurin saye, ki ce mai aikin famfo ya rubuta miki kayan dalla-dalla da adadinsu, ya ware ladan aikinsa daban. Ku tafi tare in zai yiwu, shi ya duba inganci, ke ki biya ki karɓi rasit. In kika haɗa komai a shago ɗaya, bakinki ya fi ƙarfi wurin neman ragi. Ki tambayi kayan da aka kafa don nuni da waɗanda kamfani ya daina fitarwa; a madubi, abin wanke hannu da sinki garaɓasa ce, amma ban da abin da za a binne. Babban suna a farashin da bai yi kama da shi ba, jabu ne sai in an tabbatar da akasin haka, kuma gara matsakaicin kamfani na gaske da babban suna na bogi. Na hannu ma ba laifi a sinkin silba ko tangaran: in na tangaran ne ki ɗan buga shi, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙararsa a dakushe take. Hita, tiyo da bawul dai sababbi.

Tayil, ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna saboda yanka da fashewa, ki duba lambar rukunin da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, don ko zane ɗaya ne launi yakan ɗan saɓa daga rukuni zuwa rukuni. Abin da ya ragu kada ki bari masu aiki su kwashe, ki sa a ajiye miki kwali ɗaya na kowane iri.